Gado Na Bakwai

Daren farko a asibitin Kochi
ruwan sama na dukan taga kamar mai bin bashi,
ni kuwa ina zaune gefen gado na bakwai
ina kallon akwatin da ke rataye bisa kan babana.
Kuriakose, wanda ya shekara arba'in
yana karanta fuskar teku kafin ya saki taru,
ga shi kwance, wayoyi biyar manne a ƙirjinsa,
yau shi ake karantawa.

Akwatin ya yi ƙara, na miƙe.
Ya sake, na sake miƙewa.
Kafin sha biyun dare na kira nas sau tara
har kunya ta hana ni duban idonta.

Shobhana sunanta, gajeruwa, da furfura a gefen kunne.
Ba ta yi tsaki ba. Kujera ta jawo.
Ta ce, Mariamma, akwatin nan harshe gare shi,
kuma ba kowace maganarsa ce kuka ba.
Dubi koren layin nan mai tsalle kamar kifi a koma:
zuciya ke nan, lambar gefensa bugunta a minti.
Ta ƙasa kuwa iskar da jini ya ɗauko ce,
ɗan matsen nan na yatsa ke kawo labarinta.
Abin da ke kumbura a dantse ya sace,
awon jini yake, bar shi da aikinsa.

Sai ta koya mini muryoyin.
Mai taushi, ɗaya-ɗaya, da shuɗiyar fitila,
akwatin ne ke ƙorafin kansa:
waya ta ɓalle, ko gumi ya ɗaga manne.
Rawaya, mai numfasawa tsakanin kira da kira,
cewa take a zo a duba, kada a daɗe.
Ja kuwa ba ta sallama.
In kin ji ta, matsa ki ba mu hanya.

Amma kafin duk wannan, in ji ta,
dubi mutumin tukuna, sannan allon.
Wanda ke soshe-soshe yana tambayar shayi
zuciyarsa ba ta tsaya ba, ko me layin ya ce.
Yatsa mai sanyi kan sa na'ura ƙarya.
Kuma maɓallin shirun nan
kada hannunki ya kai gare shi. Namu ne.

Dare na biyu na fara ganewa.
Na uku har gyangyaɗi nake cikin ƙarar
kamar maƙwabtan tashar jirgin ƙasa.
Sabo turken wawa.

A na huɗu rawaya ta yi kira.
Na ce a raina, yatsan ne.
Ta sake. Na ja mayafi na rufe kafaɗa.
A karo na uku na ɗaga kai,
kuma ba allon na fara duba ba.
Leɓensa ya yi toka-toka,
ƙirjin na hawa da sauka
kamar mai tuƙa kwalekwale gaba da igiyar ruwa.
Sannan allon: casa'in da ɗaya.
Tamanin da takwas.
Tamanin da shida.
Ban jira ja ba.

Ta iso, ta laluba,
ashe robar iskar ce ta lanƙwashe ƙarƙashin kafaɗarsa.
Ta warware ta, ta tada kan gadon,
muka tsaya mu biyu muna ƙirga abin da ba mu da iko a kai.
Casa'in.
Casa'in da uku.
Casa'in da biyar.
Akwatin ya yi shiru don kansa.
Kin ji daidai, shi ke nan abin da ta ce,
ta wuce gado na tara, inda wata rawayar ke jiran ta.

Yau sati biyu muna gida a Vypin.
Babu allo, babu fitila, babu lamba.
Shirun ne yanzu ke tada ni tsakar dare.
In lallaɓa bakin ƙofarsa babu takalmi,
iskar teku na shigowa da gishirinta,
in tsaya cikin duhu riƙe da numfashina
har sai na ji minsharinsa,
mai kaushi, marar tsari,
kore shar.